Tattaki da Rubutu Kullum: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Ɗaukar Alƙawarin Kwana 30

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi maimaituwa a bakin mutanen da suka ɗauki alƙawarin yin tattaki da rubutu kowace rana, ko suke shirin ɗauka, a garuruwanmu na arewacin Kamaru da Chadi. Yawancin shawarwarin da ke yawo a wayoyi an tsara su ne domin mazauna ƙasashe masu sanyi, waɗanda suke da hanyoyin masu tafiya a ƙasa da ɗakunan da mutum zai rufe kansa shi kaɗai, saboda haka aka auna kowace amsa da yanayin Garwa, Marwa, Ngaundere, Kuseri da Injamena.

Me ake nufi da ƙalubalen tattaki da rubutu na kullum?

Alƙawari ne da mutum yake ɗaukar wa kansa, shi kaɗai ko tare da abokai, cewa kowace rana zai yi tafiyar ƙasa ta wani lokaci da ya ƙayyade, kuma ya rubuta wani abu a takarda, har wa'adin da aka yanke ya cika, wanda galibi kwana 30 ne. Wasu suna auna tafiyar da mintuna, wasu da yawan taku, rubutun kuma da shafi ko da layi. Amfanin wa'adi shi ne yana rage nauyin farawa, domin wanda aka ce ya sauya rayuwarsa har abada ja da baya zai yi, amma wata guda kowa yana ganin zai iya. Abin da ake nema a ƙarshe shi ne ɗabi'ar da za ta zauna bayan wa'adin ya wuce, kuma an yi bayanin tsawon lokacin da wannan yake ɗauka a amsar tambayar tsallake rana.

Wane amfani tattaki yake yi wa jiki da hankali?

Idan mutum yana tafiya da ɗan hanzari, tsokokin ƙafafunsa suna jan sukari daga jini domin su yi aiki, zuciya tana ƙara bugawa, jijiyoyin jini kuma suna saki. Idan aka dawwama a kan haka, hawan jini yakan sauka kaɗan, haɗarin ciwon sukari da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki yakan ragu, barci kuma yakan daidaita. Bincike da dama sun nuna cewa motsa jiki yana sassauta ciwon damuwa matuƙar bai yi tsanani ba.

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato kamar minti 30 a kwana biyar. Ƙa'idar ta kuma janye tsohon sharaɗin cewa sai an yi minti 10 a jere kafin a lissafa, don haka tafiya zuwa masallaci, zuwa kasuwa ko raka yaro makaranta duk suna shiga lissafi. Hanyar gane matsakaicin hanzari ba ta buƙatar na'ura: mutum yana iya magana da abokin tafiyarsa, amma numfashinsa ba zai bari ya rera waƙa ba.

Dole ne sai na yi taku 10,000 a rana?

Ba dole ba ne. Wannan adadi ya samo asali ne daga tallar wata na'urar ƙirga taku da kamfanin Yamasa ya fitar a Japan a 1965, jim kaɗan bayan wasannin Olamfik na Tokyo na 1964, ba daga binciken likitoci ba. Da masana suka zo suka auna daga baya, sai suka ga amfanin yana farawa tun kafin a kai nan. A binciken da Farfesa I-Min Lee ta Jami'ar Harvard ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2019, an bi mata tsofaffi fiye da 16,000, aka ga masu yin taku kimanin 4,400 a rana sun fi masu yin 2,700 ƙarancin mutuwa a tsawon binciken, amfanin kuma ya ci gaba da ƙaruwa har zuwa wajen taku 7,500, inda ya tsaya. Wani nazari na 2022 da ya tattara bincike 15 ya nuna cewa ga wanda ya kai shekara 60, taku 6,000 zuwa 8,000 sun wadatar, ga wanda bai kai ba kuma 8,000 zuwa 10,000.

Abin da ya fi dacewa shi ne mutum ya fara sanin inda yake, sannan ya ƙara kaɗan. Tafiyar minti 30 da matsakaicin hanzari takan kai taku 3,000, don haka ma'aikacin ofis ko mai shagon da yake wuni a zaune, yana zuwa yana komawa a kan babur ɗin haya, zai ga bambanci idan ya ƙara wannan kaɗai. Wanda ba shi da babbar waya ya auna da agogo, kuma a ganina agogon ya ma fi, domin ba ya sa mutum zagaya tsakar gida da tsakar dare don cike lamba.

Tattaki dai an gane, amma ta yaya rubutu zai taimaki lafiya?

Damuwar da ba a furta ba takan yi ta kai-komo a rai ba tare da ta kai ko'ina ba. Idan mutum ya zauna zai rubuta ta, dole ya ba ta farko da ƙarshe, ya bambanta abin da ya faru da abin da yake tsoron zai faru, kuma a nan ne sau da yawa yake gane cewa matsalar ba ta kai girman da take ɗauka a cikin dare ba, ko kuma akwai wani mataki da zai iya ɗauka gobe.

Masanin halayyar ɗan Adam James Pennebaker ya gwada wannan a Amurka a 1986, inda ya sa ɗalibai su rubuta minti 15 a rana, kwana huɗu a jere. Waɗanda suka rubuta abin da ya taɓa ɓata musu rai, tare da yadda suka ji a kansa, sun fi sauran ƙarancin zuwa asibitin makaranta a watannin da suka biyo baya. An maimaita gwajin sau da yawa tun daga lokacin, kuma gaskiyar magana ita ce amfanin da aka samu ba mai yawa ba ne, bai kuma zo wa kowa daidai ba. Wanda ya ce rubutu yana warkar da cuta ya wuce gona da iri. Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne yana rage nauyin zuciya ga mutane da yawa, kuma kuɗinsa bai wuce na biro da littafin rubutu na 'yan makaranta ba.

Na buɗe littafi amma na rasa abin rubutawa. Da me ake farawa?

A fara da abin da ido ya gani a wurin tattaki, domin shi ne mafi sauƙi: yadda ruwan Binuwai ya ja baya, farashin da aka ji ana faɗa a bakin kasuwa, wanda aka haɗu da shi aka gaisa. Layi biyar sun isa a makon farko. Daga nan hannu zai saba, abin da ke cikin zuciya kuma zai fara fitowa da kansa.

Akwai nau'i biyu da aka gwada aka ga amfaninsu. Na farko shi ne lissafa ni'imomi: a binciken Robert Emmons da Michael McCullough na 2003, waɗanda suka riƙa rubuta abubuwa biyar da suke godiya a kansu sau ɗaya a mako sun fi sauran kyautata zato ga rayuwarsu, kuma sun fi su ƙarancin ƙorafin ciwon jiki. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya tashi cikin tarbiyyar godiya ga Allah, sai dai rubutawa tana tilasta masa ya ambaci ni'imar da sunanta. Na biyu shi ne rubuta ayyukan gobe kafin kwanciya: a gwajin da aka yi a Jami'ar Baylor a 2018, waɗanda suka ɗauki minti biyar suna yin haka sun riga sauran yin barci da kimanin minti tara.

Me ya sa ake haɗa su biyun? Ba zan iya ɗaukar ɗaya kawai ba?

Za ka iya, kuma idan ɗaya za ka ɗauka, ɗauki tattaki, domin hujjojin amfaninsa sun fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Dalilin haɗa su shi ne tafiya tana buɗe tunani. A gwajin da aka yi a Jami'ar Stanford a 2014, mutane sun kawo sababbin dabaru fiye da yadda suke kawowa a zaune da kimanin kashi 60 cikin 100 lokacin da suke tafiya, kuma tasirin ya ɗan ci gaba bayan sun zauna. Saboda haka wanda ya dawo daga tattaki ya ɗauki biro nan take ba ya shan wahalar da aka ambata a tambayar da ta gabata.

Da wannan zafi na Garwa da Injamena, wane lokaci ne ya dace a fita?

Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a Garwa, Marwa, Kuseri da Injamena yakan haura digiri 40, kuma tafiyar hanzari a irin wannan yanayi haɗari ce ga lafiya, musamman ga tsofaffi da masu ƙiba da masu shan maganin hawan jini mai sa fitsari. Lokacin da ya fi aminci shi ne bayan sallar Asuba zuwa hantsi, domin a lokacin ne ƙasa ta fi hucewa. Bayan La'asar sakaliya ma ana iya fita, amma a tuna cewa kwalta da bangon siminti suna riƙe zafi har bayan Magariba. A sha ruwa kafin a fita, a tafi da gora, a sa tufafi masu sauƙi masu haske, a bi inuwa inda take. Mutanen Marwa sun yi sa'a da layukan dogon yaro da ke gefen titunansu.

Jiri, ciwon kai, tashin zuciya ko ruɗewa alamu ne na cewa zafi ya fi ƙarfin jiki, sai a tsaya a inuwa, a jiƙa jiki, a sha ruwa, idan ba a ji sauƙi ba a nufi asibiti. Babu laifi a rage minti 30 zuwa 15 a watan Afrilu. Mutanen Ngaundere, da yake garinsu yana kan tudun Adamawa fiye da mita 1,000 sama da teku, ba su cika fuskantar wannan matsala ba.

Ɗaura tattaki a jikin lokacin salla yana da wata fa'ida bayan sanyi, wato mutum ba ya buƙatar tunatarwa, domin ya riga ya tashi, ya riga ya fita. Sai dai fitar duku-duku tana son lura da karnuka da babura marasa fitila, kuma a unguwannin da tsaro bai inganta ba gara a jira gari ya waye, a tafi su biyu ko uku.

Hunturu da damina fa?

Ƙurar hunturu, wadda yawancinta take tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, tana tayar da asma da tari. Ranar da hazo ya rufe gari, mai ciwon ƙirji ya yi tafiyarsa a cikin gida, sauran kuma su rufe hanci da baki. Da damina matsalar ita ce caɓi da santsi da sauron magariba, kuma bai kamata a tsallaka rafi ko kwalbatin da ya ciko da ruwa ba don kawai a cika alƙawarin rana.

Ni manomi ne, wuni nake a kan ƙafa. Ina buƙatar wannan?

Manomi da makiyayi da mai talla da ɗan ga-ruwa sun riga sun wuce ƙa'idar minti 150, domin aikin ƙarfi yana cikin abin da ake lissafawa. Ƙara musu tattaki ƙarin gajiya ne kawai. Abin da zai amfane ka shi ne ɓangaren rubutun, ko kuma ka ɗauki alƙawarin tafiyar a watannin rani da aikin gona ya tsaya, lokacin da zaman majalisa da shan shayi mai sukari suke yawaita.

Ni matar aure ce, ba kasafai nake fita ba. Yaya zan yi?

Kina iya yin tafiyarki a tsakar gida, kai da kawowa na minti 10 sau uku a rana, bayan karin kumallo da bayan abincin rana da na dare, wanda ma yake da fa'idar rage hauhawar sukari bayan cin abinci. Daka da shara da wanki duk motsa jiki ne, sai dai ba sa hana ki ware wannan lokaci, domin rabin amfaninsa shi ne kasancewarsa naki, ba na hidimar kowa ba. Wasu matan sukan haɗu da maƙwabta su taka zuwa Islamiyya ko awo a ƙasa maimakon hawa babur, da sanin maigida. Mai juna biyu ma an so ta riƙa tafiya matuƙar ungozoma ko likita ba su hana ta ba. Game da ɓoye littafinki, ki duba amsar tambayar sirri.

Da wane harshe zan rubuta? Ban yi nisa a boko ba.

Da harshen da kake magana da kanka idan ranka ya ɓaci. Da yawa daga cikinmu da Faransanci muka koyi riƙe biro, da Hausa muke magana a gida, da Fulatanci ko Larabcin Chadi muke ciniki, kuma babu malamin da zai duba wannan littafi da jan biro, don haka gauraya su ba aibi ba ne. Wanda ya yi makarantar allo ya rubuta da ajami. Wanda ba ya rubutu ko kaɗan yana iya naɗar muryarsa a waya na minti biyar, domin a wasu gwaje-gwajen an ga furtawa da baki ma tana yin aiki makamancin na rubutu.

A gidanmu babu sirri. Idan wani ya karanta fa?

Wannan tsoro yana da tushe, domin a gidan da mutum goma suke kwana, littafin da aka ajiye a ƙarƙashin katifa ba ya daɗewa bai shiga hannun yaro ko kishiya ba, kuma magana ɗaya da aka rubuta cikin fushi tana iya raba zumunci. Wanda kuma yake rubutu yana tunanin mai karantawa ba zai faɗi gaskiya ba, amfanin ya tafi ke nan.

Mafita mafi sauƙi ita ce a raba rubutun biyu. Abubuwan yau da kullum da lissafin ni'ima da ayyukan gobe su zauna a littafi, abin da ya shafi ɓacin rai da mutane kuma a rubuta shi a warwarar takarda, a yaga ko a ƙona bayan an gama, domin amfanin yana cikin rubutawar, ba a ajiyewar ba. A kiyaye kada a sa ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a takardar da za a yar. Mai rubutu a waya ya sa mata makulli, kuma ya tuna cewa wayar tana iya zuwa wurin mai caji ko mai gyara.

Na tsallake kwana biyu. Sai na koma farko?

A'a, ka ci gaba daga inda ka tsaya. Dokar komawa rana ta ɗaya ita ce, a ganina, abin da ya fi kashe irin wannan alƙawari, domin tana mayar da zazzaɓi ko rasuwa ko zuwan baƙi su zama faɗuwa, wanda ya ji ya faɗi kuwa yakan watsar gaba ɗaya. Phillippa Lally da abokan aikinta a wata jami'a ta Landan sun bi mutane 96 da suke ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a, suka ga tsallake rana ɗaya bai ɓata tafiyar ba. Sun kuma ga cewa ɗabi'a takan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ta zama jiki, wasu kwana 18, wasu har 254, abin da ke nuna cewa maganar kwana 21 da ake yawan yaɗawa ba ta da madogara, kwana 30 ma mafari ne kawai. Dabarar da ke taimakawa ita ce mutum ya tanadi ƙaramin ma'auni na ranar wahala, kamar tafiyar minti biyar da layi biyu, domin da babu gara ba daɗi.

Shiga rukunin WhatsApp yana taimakawa?

Yana taimakawa idan rukunin ƙarami ne kuma mutanen sun san juna, domin kunyar abokin da yake jiranka a ƙofar gida ta fi kowace manhaja tayar da mutum. Yana cutarwa idan ya koma gasar lambobi, inda mai shekara 55 yake ƙoƙarin kamo ɗan shekara 20 har gwiwa ta kumbura. A rukuni a faɗi cewa an yi, kada a tura abin da aka rubuta.

Yaya za a yi a watan azumi?

A sassauta. Tafiya a hankali ta minti 15 zuwa 20 dab da shan ruwa, ko bayan Tarawihi lokacin da jiki ya sami ruwa da abinci, ta wadatar, kuma takawa zuwa masallaci ko wurin tafsiri tana cikin lissafi. Idan azumi ya faɗo a bazara, a koma amsar tambayar zafi, a kuma bar tafiyar rana kwata-kwata. Rubutun ya fi sauƙi bayan sahur.

Mahaifina yana da hawan jini da ciwon sukari. Zai iya shiga?

Irinsu Baba ne ma suka fi cin moriyar tattaki, amma a fara kai shi a auna jininsa da sukarinsa, a gaya wa likita abin da ake shirin yi. Ya fara da minti 10 a hankali, a riƙa ƙara minti biyar duk mako. Idan yana allurar insulin ko shan maganin da ke saukar da sukari sosai, kada ya fita da yunwa, kuma ya riƙe dabino ko sukari a aljihu saboda rawar jiki da zufa mai sanyi. Ya sa rufaffen takalmi, a duba tafin ƙafarsa kowace rana, domin ciwon sukari yana kashe jin zafi, ƙaramin rauni kuma yana iya zama gyambo. Ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi ko jiri suna nufin a tsaya a nemi likita a ranar. Tattaki ba ya maye gurbin magani, kuma likita ne kaɗai zai rage shi idan awo ya nuna sauƙi.

Na rubuta abin da ke damuna, sai hankalina ya ƙara tashi. Na daina?

Jin nauyi na ɗan lokaci bayan irin wannan rubutu abu ne sananne, an ma gan shi a gwajin Pennebaker, kuma yakan wuce cikin sa'o'i kaɗan. Amma idan ka lura kullum magana ɗaya kake maimaitawa ba tare da sabuwar fahimta ba, ka bar ta ka koma lissafin ni'ima ko ayyukan gobe. Wanda ya ga tashin hankali da idonsa, kamar waɗanda rikici ya raba da garuruwansu a yankin tafkin Chadi, ko wanda aka yi wa rasuwa kwanan nan, kada ya tilasta wa kansa tono abin shi kaɗai. Idan baƙin ciki ya wuce mako biyu yana hana barci da cin abinci da aiki, ko tunanin cutar da kai ya zo, a gaya wa wani amintacce a ranar, a kuma je asibiti, domin ciwon damuwa yana da magani.

Kwana 30 sun cika. Ta yaya zan san ya yi amfani, kuma me ke biye?

Kada sikeli ya zama alƙali, domin tattaki shi kaɗai ba ya rage ƙiba sosai a wata guda idan abinci bai sauya ba. A duba barci, da numfashi idan an hau tudu ko bene, da awon jini ga mai aunawa, da yawan faɗa da iyali a kan ƙananan abubuwa. Littafin ma shaida ne, domin wanda ya karanta shafukan makon farko zai ga abubuwan da suka hana shi barci a lokacin, ya ga nawa ne daga cikinsu suka warware.

Daga nan a sabunta wa'adin sau biyu, don a wuce kwana 66 ɗin da aka ambata a amsar tsallake rana, amma a sake ma'aunin bisa abin da watan farko ya nuna. Wanda ya ga rubutun kullum ya yi masa yawa ya mayar da shi sau uku a mako, wanda tafiya ta yi wa sauƙi ya ƙara hanzari ko ya ƙara atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu a mako kamar yadda ƙa'idar 2020 ta tanada, wanda kuma sabon wa'adinsa zai shiga Maris ya mayar da fitarsa bayan Asuba tun kafin zafi ya kankama.